Shi da fad, ni da littafi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna kwashe kaya daga ƙarƙashin teburin yanka a shago, don ɓera ya fara yi mana ɓarna a guntayen shadda, sai ɗaya daga cikin yarana ya zaro wani tsohon littafi mai falle 60, bangonsa duk ya lanƙwashe. Ya ce, "Oga, wannan na awon su wa ne? Duk sunayen Turawa ne a ciki." Na karɓa na buɗe. A saman shafin farko, da jan biro, hannuna ne ya rubuta: Detroit Lions, kaka ta 1. Ƙasa kuma sunaye ne a jere har 53, kowanne da shekarunsa, da lambar ƙwarewarsa, da albashinsa, da shekarar da kwantiraginsa zai ƙare. Na zauna a kan benci ina jujjuya shafukan har gawayin dutsen guga ya mutu.

Littafin na 2007 ne. A lokacin muna Gangare, ina aji 5 na sakandare, ƙanina yana aji 2. Akwai PS2 a gidanmu wadda Yaya ya bari da ya tafi hidimar ƙasa, kuma kamar kowane yaro a Jos, Winning Eleven ce abincinmu. Mun san Master League ciki da bai, mun sha fama da su Castolo da Minanda kafin mu tara makin sayen 'yan wasan kirki. Wani kawunmu mai sayar da gwanjo a wajen Terminus ne ya fasa dila ya tsinci faifai a aljihun wata jakar makaranta, har da kwalinsa da ɗan littafin bayani, ya kawo mana. Madden NFL 06, da hoton Donovan McNabb na Philadelphia Eagles a jiki. Ya ce, "Ga ƙwallo nan, amma ta masu hular kwano ce."

Satin farko ba mu gane komai ba. Mutum 11 nan, 11 can, kamar dai tamu, amma da an taɓa ƙwallo sai a kwanta a kan juna, alƙali ya hura, a sake jeruwa. A hankali muka gane ƙa'idar zari-rugar Amurka: an ba ka dama 4 ka ci yadi 10 na fili. Ka ci, a sake ba ka 4. Ka kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ka kai ta ƙarshen fili, maki 6. Ni da na tashi a gidan teloli, awon yadi bai ba ni wuya ba. Kulob kuwa ƙanina ne ya zaɓa, don ya ga zaki a jikin hularsu. Ba mu san mun ɗauko Detroit Lions, mutanen da ba su taɓa leƙa Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, ba.

Tun farko hannun ƙanina ya fi nawa a fad, wato abin da ake riƙewa ana danna wasan, ni kuma idona ya fi zuwa kan lambobi. Wata rana ya tafi Islamiyya ya bar ni da na'urar, na shiga wani sashe da aka rubuta Franchise, sai na ga ashe abin da ake bugawa a fili rabin labari ne. Ga ofis guda a bayansa: ɗaukar 'yan wasa, sallama, musaya, neman koci da mataimakansa, tsayar da kuɗin tikiti, har farashin abincin da ake sayarwa a filin wasa. Kuma kana iya riƙe kulob ɗin kaka 30 a jere, 'yan wasa su tsufa a gabanka su yi ritaya, sababbi su taso. Da ya dawo muka raba aiki ba tare da wata doguwar magana ba. Shi da fad, ni da littafi. Shi zai buga, ni zan samo masa waɗanda zai buga da su.

Abubuwa biyu ne suka kama ni, kuma duka biyun babu su a ƙwallon da muka tashi da ita. Na farko zaɓen sababbin jini, wanda suke kira diraf. Mu mun saba mai kuɗi shi ke ɗaukar wanda ya ga dama. A 2006 Chelsea ta ɗauki ɗan garinmu Mikel Obi, rabin samarin Jos suka koma shuɗi, ba wanda ya yi mamaki, don kuɗin Abramovich ne ke magana. A NFL kuwa, wato babbar gasar wannan ƙwallon a Amurka, duk shekara a watan Afrilu ana jera samarin da suka fito daga ƙwallon jami'a, kulob 32 su zaɓa bi da bi har zagaye 7. Wanda ya fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara ɗauka, mai kofi shi ne na ƙarshe. Faɗuwar bana ita ce jarin baɗi. Sai dai fara zaɓe daban, dacewa daban. Lions ɗin da na gada a faifan sun yi shekara 3 a jere, 2003 zuwa 2005, suna kashe zaɓensu na farko a kan masu cafe ƙwallo, Charles Rogers da Roy Williams da Mike Williams, alhali gidan na yoyo ta wasu wuraren. Tom Brady kuwa, wanda ya gama da kofi 7, sai da aka kira mutum 198 kafin a zo kansa a 2000.

Na biyu rufin albashi. Akwai adadin da ba kulob ɗin da zai wuce wajen biyan 'yan wasansa, komai arzikin mai shi. A kakar 2005 dala miliyan 85.5 ne, a 2024 ya kai miliyan 255.4. Tukunya ɗaya ce, girmanta ɗaya a kowane gida, baki 53 ke ci daga ciki. In ka cika wa kwatabak malmala, wato mai jefa ƙwallon nan da ke tuƙa 'yan gaba, dole ka rage wa wani. Sannan akwai kuɗin da ake damƙa wa ɗan wasa ranar da ya sa hannu, wanda a lissafi ake raba shi kan shekarun kwantiragin. In ka kore shi kafin lokaci, ragowar ta faɗo maka a ka, ka yi ta biyan bashin mutumin da yake can yana buga wa wani. Wannan ne ya sa na sayi littafi. Allon talabijin bana yake nuna maka, ni kuma ina so in ga shekara 2 ko 3 masu zuwa: wa zai tsufa, kwantiragin wa zai ƙare tare da na wa, wace shekara ce tukunyar ba za ta isa ba.

A dirafin da ya biyo bayan kaka ta 2 na zo zagaye na 7 da zaɓe guda a hannu. A wannan matakin na'ura ce ke ƙirƙiro samarin, da sunayensu da jami'o'insu, ba su da wani mai su a duniya. Na ga wani mai gudu da ƙwallo, gajere, ɗan shekara 22, gudunsa sama, riƙon ƙwallonsa ƙasa, irin wanda da an bangaje shi sai ta suɓuce. Lambar ƙwarewarsa gaba ɗaya 59. Na ɗauke shi don ba shi da tsada. Da yake shi ne na ƙarshe a jerin wannan shekarar, ƙanina ya sa masa Ɗan Auta, kuma har ya yi ritaya da sunan muke kiransa.

Faifan 06 ya zo da wani haske mai kama da na tocila da ke fita daga idon kwatabak, sai ka juya shi kan wanda za ka jefa wa kafin jifar ta tafi daidai. Hasken namu, Joey Harrington, ba shi da faɗi, don haka ƙanina ya fi dogara da gudu. Kafin kowace kaka kuma akwai atisayen sansani, 'yan gajerun wasanni da in ka yi ƙoƙari za a ba ka maki ka ƙara wa ɗan wasa. Shekara 2 a jere ƙanina yana kai Ɗan Auta atisayen, ni ina zuba makin duka a riƙon ƙwallo. A mako na 5 na kaka ta 4 babban mai gudunmu ya ji rauni, aka ce sai baɗi. Na duba kasuwa, na duba tukunya, ba abin da zan iya saya. Na ce wa ƙanina, "Sa yaronka." Ya yi yadi 143 a wasan nan, ƙwallo ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Lambar tana nan a littafin, na ja mata layi biyu a ƙasa. Da mako ya juya muka buɗe jaridar da ke cikin wasan, ga sunansa a kanun labari, muka yi ta karanta ta kamar an sa ɗan unguwarmu a jarida.

Super Bowl mun ci shi a kaka ta 8, cikin Disamban 2008. Duk ɗan Jos ya san wane Disamba ne wannan. Bayan rikicin ƙarshen Nuwamba ne, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, ana dokar hana fita da dare, kowa a gida tun magariba, ga hunturu irin wanda ke sa ruwan buta ya yi maka ƙanƙara a hannu. Muna cikin bargo ɗaya, ƙarar talabijin a ƙasa don kada Mama ta tashi, Ɗan Auta ya ratsa tsakiyar mutane ya kai ƙwallo ƙarshen fili saura 'yan daƙiƙu. Ba mu iya yin ihu ba, sai riƙe hannun juna muka yi. A wannan watan dai Lions na gaske suka kammala kakar da suka buga wasa 16 suka rasa duka 16. Namu zakunan, na cikin memori kad, su ne abin farin cikin da muke da shi a wannan lokacin, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Bayan kaka ta 11 kwantiraginsa na biyu ya ƙare. Ya cika 30. Duk wanda ya san wannan ƙwallon ya san me shekara 30 ke nufi ga mai gudu da ƙwallo, mutumin da ƙarti ke bangaza sau 20 ko fiye a kowane wasa. Ko Christian Okoye, ɗan Inugu da ya fi kowa yadin gudu da ƙwallo a NFL a 1989 da Kansas City Chiefs, kaka 6 kawai ya yi. Gudun Ɗan Auta ya fara sauka, kuɗin da yake nema kuma ya hau. A wannan shekarar kuma kwantiragin biyu daga cikin ƙartan gaba 5 masu buɗe masa hanya ya ƙare. Na zauna da littafi na juya lissafin ta ko'ina, bai fita ba.

Ƙanina ya ce, "Yaya, ka ba shi abin da ya nema mana."

Na ce, "In na ba shi, da me zan riƙe masu tare masa mutane?"

"Mutumin da ya ci mana kofi? A daren nan?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai lamba kake gani. Ni nake gudu da shi."

Na sake shi. Chicago Bears suka ɗauke shi, su kuma rukuninmu ɗaya, sau 2 muke haɗuwa duk shekara. Ƙanina ya ce hannunsa ba zai kayar da Ɗan Auta ba, duk wasan Bears sai dai a bar na'ura ta buga da kanta. Haka aka yi har ya yi ritaya bayan kaka 2. A lissafi na yi daidai: yaron da na ɗauko a zagaye na 3 ya maye gurbinsa ya yi aiki, kuɗinsa bai kai rubu'i ba, muka sake komawa Super Bowl da shi. Amma har ya gama zamansa da mu ƙanina bai taɓa raɗa masa suna ba.

A kaka ta 19 wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiye wasan a memori kad, da aka kawo ta fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Mun gwada a PS2 ɗin maƙwabta, mun gwada a gidan gem na bakin titi, shiru. Abin da ya rage na shekarun nan shi ne littafin da yaro ya zaro ranar Asabar.

Sai daga baya, da na fara shiga kafe ina karance-karance, na san tarihin abin da muke bugawa. John Madden koci ne na gaske, shi ya ci wa Oakland Raiders Super Bowl a Janairun 1977. Da mai kamfanin EA da ke yin wasan, Trip Hawkins, ya zo masa da maganar wasan kwamfuta, Madden ya kafe sai an yi 11 da 11 ko a fasa, kwamfutocin lokacin kuma ba su da ƙarfin ɗaukar mutum 22, shi ya sa wasan bai fito ba sai 1988. Franchise ya shigo a 1998 cikin Madden NFL 99, kujerar mai kulob da tikiti da abinci ta shigo a 2003. A 2004 wani abokin hamayya, ESPN NFL 2K5, ya fito a kan dala 19.99, mai kyau kuma mai arha, mutane suka yi masa rubdugu. A Disamban wannan shekarar EA ta ƙulla yarjejeniya da NFL cewa ita kaɗai za ta riƙa amfani da sunayen kulob da 'yan wasa. Faifan da kawu ya kawo mana shi ne na farko bayan an rufe wannan ƙofar. Akwai ma wanda aka yi don irina zalla, NFL Head Coach, a 2006 da 2008, inda ba ka jefa ƙwallo ko sau ɗaya, aikinka ofis da bakin layi.

A faifan namu dai aka fara ɗaya hanyar, wato Superstar, inda ba kulob kake riƙewa ba, mutum ɗaya ne kai. Ƙanina ya so shi ƙwarai. Kana farawa da zaɓen iyaye, don abin da suka iya shi ke nuna abin da za ka gada. Ka yi jarrabawar basira, ka ɗauki wakili, a zaɓe ka a diraf, a ba ka ɗaki, ka je wajen aski, har fim ake kiranka ka fito. Ya ƙirƙiri kwatabak da sunan gidanmu, muna ganin sunan Baba a bayan jasi, abin ya yi mana daɗi. Daga baya an yi ta sauya wa wannan hanyar riga: Longshot a 2017 mai kama da fim, Face of the Franchise a 2019, sannan sunan Superstar ya dawo a 2023. Na gwada su, kuma na gane me ke jan samari: kowa yana so ya ga kansa a fili, fitilu a kansa. Ni dai ba su riƙe ni ba, kuma na san dalili. Labarin da wani ya rubuta maka, sau ɗaya kake cinsa. Wanda ya buga a Jos da wanda ya buga a Legas abu ɗaya suka gani, magana ɗaya koci ya faɗa musu. Sannan in kai ne tauraro, sauran mutum 52 ɗin ado ne kawai. Ɗan Auta kuwa ba wanda ya rubuta shi. Rauni ne da ya faɗo a mako na 5, da tukunyar da ba kuɗi, da atisaye 2 da wani yaro ya dage a kai. Babu shi a memori kad ɗin kowa a duniya sai namu.

Shi ya sa ban taɓa jin Ultimate Team a raina ba, wanda ya shigo tun zamanin Madden 10, inda ake tara 'yan wasa kamar kati, ana buɗe ƙunshi ba a san me ke ciki ba, wani da gumi, wani da kuɗin gaske. Ga mai samun naira, duk abin da ake biya da dala abin dubawa ne, kuma biyan kuɗi a kan abin da ba ka gani ba ya yi mini kusa da caca. Fiye da haka, hanyar ta koma irin ta mai kuɗi shi ne sarki, abin da na baro ke nan. Ba ni kaɗai ba ne ke son ofis. A tsakiyar 2020, kafin fitowar Madden 21, masu son Franchise suka cika Twitter da #FixMaddenFranchise har kamfanin ya fito ya yi alƙawarin gyara. A Madden 22 aka kawo tsarin ma'aikatan koci da masu leƙen 'yan wasa da kake turawa yanki-yanki, a Madden 24 atisayen sansani irin wanda muka goge Ɗan Auta da shi ya dawo.

Yanzu shekarata 9 da buɗe shagon kaina a Bauchi Road, keke 6 da injin aikin wuya guda. Bara, bayan Babbar Sallah, yaron da ya fi kowa hannu a wuya ya jira har sauran suka tafi, ya tsuguna gefen teburina. Shekara 4 yana wajena, ya zo ko zaren keke bai iya sawa ba. Ya ce, "Oga, an yi mini tayi a Abuja. Ban amsa ba, na ce sai na ji daga bakinka." Ya faɗi abin da za su ba shi. Na yi lissafi a kai tun kafin ya rufe baki, na san in na biya shi haka sai na sallami yara 2. Kuma gaskiya ban yi mamaki ba, don tun shekara guda kafin nan na fara zaunar da wani ƙarami a kan injin duk ranar da aiki ya yi sauƙi. Wannan ɗabi'ar ta duba wa zai tafi da wa ke bayansa, a littafin jan biro na koye ta.

Abin da littafin bai shirya ni a kai ba shi ne fuskar yaron. A wasa maɓalli kake dannawa, suna ya ɓace daga jeri. Wannan kuwa na san mahaifiyarsa, ita ta kawo shi da hannunta ta ce, "Ga amana." Na ce masa, "Je ka, Allah Ya sa albarka. In ba su riƙe ka da kyau ba, kekenka yana nan." Na haɗa masa almakashi sabo da kuɗin mota. Da ya fita na zauna shiru, sai maganar ƙanina ta faɗo mini, ta shekara 15 da suka wuce: kai lamba kake gani. A daren na kira shi na ba shi labari. Ya ce, "Yaya, ka ji yadda na ji ke nan."

Shi yanzu yana aiki a Abuja, yana zaune a Kubwa, ya sayi PS5 a 2023. Da na je wajensa ya nuna mini College Football 25, na ƙwallon jami'a, wanda ya fito a Yulin 2024 bayan shekara 11 ba a yi irinsa ba, saboda shari'ar da aka yi kan amfani da kamannin ɗalibai ba a biyan su. Da ya dawo, kowane ɗalibin da ya yarda a sa shi an ba shi dala 600 da kwafin wasan. Sashen riƙe kulob a nan Dynasty ake kiransa, da makarantu 134. Ba diraf. Kai za ka bi yaran sakandare kana lallashi da 'yan sa'o'in da aka ba ka a mako, manyan makarantu suna fisge maka su, wanda ka samu kuma ka san 'yan shekaru zai yi ya wuce, in ma bai nemi canjin makaranta a tsakiya ba. Na buga kaka guda a kwana 3 da na yi a gidansa, na ce masa wannan ai shagon tela ne.

Amma Lions ba mu bar su ba. Ya buɗe sabon Franchise a Madden 24, aka koma yadda aka saba. A jerin da muka gada akwai Romeo Okwara da ƙaninsa Julian, 'yan asalin Najeriya, wa da ƙani a kulob ɗaya, na ce waɗannan ba za a yi musaya da su ba ko nawa aka taya. Duk Lahadi bayan isha'i yana kirana ta bidiyo a WhatsApp, ya jingina wayar da kofi ta kalli talabijin, ni ina nan Jos da sabon littafi a cinya. Haka muka yi ma a daren 28 ga Janairun 2024 har wajen asuba, da Lions na gaske suka je hutun rabin lokaci suna gaban San Francisco 49ers 24 da 7, saura taki ɗaya su shiga Super Bowl, aka tashi 34 da 31 ba su ba.

Yanzu muna ƙarshen kaka ta 12. Akwai wani ƙato mai tsare wa kwatabak ɗinmu gefen hagu, na ɗauko shi a zagaye na 5, ƙanina yana kiransa Katanga. Ya kai 33, lambarsa ta sauka daga 91 zuwa 84, kwantiraginsa ya ƙare. Akwai yaro a bayansa da na ɗauko bara don wannan ranar. Lahadin da ta wuce ƙanina ya buɗe shafin kwantiragi ya yi shiru, bai ce komai ba, ya bar wayar tana kallon allo. Na ce ya ba ni mako guda.

Dare 2 na yi a kan lissafin bayan an rufe shago. In na sallami mai cafe ƙwallonmu na uku, na ba da zaɓenmu na zagaye na 2 a madadin na baɗi, na tura wani ɓangare na albashin kwatabak gaba, tukunyar za ta ɗauki Katanga shekara ɗaya a kan miliyan 11. Kaka ta 14 za ta yi mana zafi, na gani a shafin gaba, na kewaye ta da jan biro. Jiya da daddare na ɗauki hoton shafin na tura masa, na rubuta a ƙasa: a ba shi.